Robar da Ke Tuna Siffarta: Tsarin Daskarewa Ko Tsarin Sifirin da Shoka, Wanne Za a Ɗauka?

A watan Maris, lokacin da zafin Abuja ke kan ganiyarsa, wata ɗaliba mai digiri na biyu da nake duba aikinta ta shigo ofis ta ajiye mini wani siririn falle na robar PLA (irin wadda na'urar 3D ke buga abubuwa da ita) a kan tebur. Ita ta buga shi da na'urar 3D a lanƙwashe kamar lauje, ta tsoma shi a ruwan zafi ta miƙar da shi, ta sanyaya shi ya tsaya a miƙe, sannan ta manta da shi a aljihun gaban mota. Ranar farko da ta duba ya ɗan karkata. Rana ta uku ya ƙara. Da mako ya zagayo ya kusa komawa rabin laujensa.

"Malam, lissafina ya ce a wannan zafin sau ɗaya zai ɗan motsa ya tsaya. Ga shi kullum ƙaruwa yake. Ni ce na yi kuskure, ko kwamfutar?"

Babu kuskure a aikinta. Tsarin lissafin da ta ɗauka ne ba shi da agogo a cikinsa. Tun ranar nake son in rubuta wannan, domin duk ɗalibin da ya shiga fagen folima mai tuna siffa, wato robar da ke komawa siffarta ta asali in ta ji zafi, a wannan mararraba yake fara tsayawa, kuma galibi da ka yake zaɓa: takardar da ya fara cin karo da ita, ita yake bi.

Wanda bai san abin ba, ya tuna 'yar robar nan da masu gyaran waya a Banex ke zura wa wayar caja in ta tsinke, su kara mata wuta ta tsuke ta kama. Ita ce tsohuwar 'yar gidan. Kamfanin Raychem da aka kafa a Amurka a 1957 shi ya yi suna da ita. A masana'anta aka faɗaɗa ta tana da zafi, aka sanyaya ta a faɗaɗe, wuta kuma ta tuna mata asalinta. Zagayen ke nan a ko'ina: a ɗumama, a lanƙwasa, a sanyaya ana riƙe da ita, a saki, a sake ɗumamawa ta koma. A yawancin irin waɗannan robobi akwai wani zafi da ake kira Tg, inda abu ke tashi daga tauri irin na gilashi ya koma laushi irin na danƙo. Na PLA yana wajen digiri 60. Taurin yakan faɗi daga gigafaskal ɗaya zuwa uku ya sauko 'yan megafaskal, wato ninki ɗari zuwa dubu, a tsakanin digiri ashirin ko talatin kacal. Aikin mai lissafi shi ne ya faɗi yadda wannan faɗuwar ke kulle siffa da yadda take sakinta.

Gida biyu ne manya a wannan sana'a.

Na farko shi nake kira tsarin daskarewa. Ka sa ledar ruwa a firiza, ka ciro bayan awa biyu: wani sashe ƙanƙara, wani sashe ruwa. Haka wannan tsari yake kallon robar. A kowane zafi, wani kaso nata ya daskare, sauran yana sake. Yayin da ake sanyayawa kason da ya daskare yana ƙaruwa, kuma duk ɓangaren da ya daskare yana kulle miƙewar da ya samu kansa a ciki. In an ɗumama, ya narke ya mayar da abin da ya ajiye. Takardar da ta kafa wannan hanya ita ce ta Liu da Gall da Dunn da Greenberg da Diani ta 2006, a kan wata robar ifoksi da aka ja aka kuma danna ta ƙasa da kashi 10 cikin ɗari. A 2008 Chen da Lagoudas suka faɗaɗa tunanin ya ɗauki babbar miƙewa.

Daɗinsa a fili yake. Lambobin da yake nema 'yan kaɗan ne: taurin sanyi, taurin zafi, yadda abu ke kumbura da zafi, sai lambobi biyu da ke zana lanƙwasar kason daskarewa. Waɗannan biyun ma daga gwaji ɗaya ake ciro su: ka ɗumama abin da ka kulle, ka auna yadda yake komawa a kowane digiri. A layi ɗaya, wato sanda da ake ja ko dannawa, ɗalibi mai ƙwazo zai rubuta shi da Python ko Octave tsakanin la'asar da magariba, ya ga zane ya fito mai kyau. Kuma yana da sauƙin bayani a gaban masu jarrabawa, abin da ba na rainawa, domin na sha ganin aiki mai kyau ya sha ƙasa saboda mai shi ya kasa faɗin abin da ya yi.

Amma duba lissafin da kyau, ba za ka ga lokaci a ciki ba. Komai da zafi kawai aka ɗaure shi. In ka ce masa digiri 50, zai ba ka amsa ɗaya, ko minti ɗaya abin ya yi a wurin ko wata ɗaya. In ka ɗumama da sauri ko a hankali, duk ɗaya ne a wurinsa, alhali a ɗakin gwaji kowa ya san saurin ɗumamawa yana tura komawar zuwa zafi mafi sama. Sannan hanyar da abu ke bi wajen daskarewa ba ita yake bi wajen saki ba, sai ka ga mutane suna ƙirƙiro lanƙwasa biyu, ɗaya ta sanyaya ɗaya ta ɗumama, daga baya su ƙara ta uku don wani saurin. Daga nan an bar hasashe an koma kwaikwayon abin da aka riga aka gani.

Gida na biyu ba ya ganin ƙanƙara da ruwa. Zuma yake gani. Kwalbar zuma a Jos cikin Disamba, ka kifa ta sai ka ƙirga ɗari kafin ta ɗigo; ka kawo ta Gwagwalada a watan Afrilu ta zuba kamar mai. Zumar ɗaya ce, ba ta sauya jinsi ba, saurin motsinta ne ya sauya. A wannan tsari, siffar wucin gadi ba kulle take ba. Komawa take yi tun daga daƙiƙar da aka sake ta, sai dai a sanyi tafiyar tana da nawar da ido ba ya gani. Zafi agogon kawai yake hanzartawa.

Yadda ake zana shi, duk wanda ya taɓa tsayawa a kan bakanike a Apo zai gane. Sifirin yana mayar da abu nan take, shoka kuma tana jan lokaci. Ka haɗa sifirin da shoka a jere, ka samu reshe ɗaya. Ka jera rassa da yawa kafaɗa da kafaɗa, kowanne da nasa lokacin saki, wani daƙiƙa, wani awa, wani shekara, ka sa sifirin guda shi kaɗai a gefe wanda shi ne mai tuna siffar asali. Wannan shi ne tsarin Maxwell mai rassa, kuma jerin lambobinsa shi ake kira jerin Prony. Abin da ya rage shi ne dokar da za ta ce zafi kaza yana hanzarta shokokin ninki kaza. Wadda aka fi sani ita ce WLF, ta Williams da Landel da Ferry, ta 1955.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya, don nan ne ƙarfin tsarin yake. In aka yi amfani da lambobin gama-gari na WLF, 17.44 da 51.6, ana aunawa daga Tg, digiri 3 kacal sama da Tg suna hanzarta saki kusan ninki goma. Digiri 10 sama, kusan ninki 700. Digiri 10 ƙasa, lissafin ya ce nawar ta haura ninki 15,000. Abin da zai ɗauki daƙiƙa biyar a Tg ke nan zai ci kusan yini guda a digiri goma ƙasa da shi. Labarin aljihun mota ke nan ba ƙari ba ragi: kowace rana zafin tsakar rana yana ba fallen 'yan awanni, ya ɗan matsa, dare ya tsayar da shi, gobe ya ɗora daga inda ya tsaya. A 2012 Diani da Gilormini da Frédy da Rousseau suka nuna cewa da awon na'urar DMA (mai karkaɗa gutsuren roba tana auna taurinsa a zafi daban-daban) kaɗai, aka zuba a manhajar kasuwa, ana iya hasashen kullewa da komawar ifoksi da aka murɗa, ba tare da an ɗauko lambobin daga gwajin tuna siffar ba. Wannan shi ne hasashe na gaskiya. A 2014 kuma Yu da Ge da Qi suka nuna cewa zafi da lokaci ana iya dunƙule su lamba guda, ita ke faɗin yadda siffa za ta kama da yadda za ta koma.

To me ya hana kowa ya bi nan? Abincin da yake ci. Yana son a karkaɗa gutsuren roba a saurin kaɗawa daban-daban, a zafi daban-daban, tun daga ƙasan Tg har samansa, a jera sakamakon a zame su su haɗu su zama doguwar lanƙwasa ɗaya, sannan a dasa mata rassa, kusan reshe ɗaya ga kowane ninki goma na lokaci. Rassa 12 zuwa 20 ba abin mamaki ba ne. Na'urar DMA kuwa ba kowace tsangaya ke da ita ba. Ɗalibi a Abuja zai yi tambaya a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa, ya tambaya a cibiyar Sheda da ke hanyar Kwali, ya tambayi abokai a wasu jihohi, kuma shawarata ya yi wannan cigiyar kafin ya rubuta shafin farko na ƙudurin bincikensa. Na taɓa aika gutsattsarin roba wani ɗakin gwaji, aka yi wata biyu, aka dawo mini da awo a saurin kaɗawa ɗaya tak. Ya isa ya gaya mini Tg, bai isa ya ba ni reshe ko ɗaya ba.

Sai dai rashin DMA bai rufe ƙofa ba, kuma wannan ne mutane ba su cika sani ba. Ka yanka siririn falle, ka maƙale kai ɗaya, ka rataya ɗan nauyi a ɗaya kan, ka sa a tanda mai riƙe zafi, ka kafa waya tana ɗaukar hoto duk bayan daƙiƙa kaza da rula a bayansa. Yadda yake sunkuyawa da lokaci, a zafi shida ko bakwai, zai ba ka lanƙwasar da za ka zame ka haɗa. Ba ta kai ta DMA tsafta ba, amma ta ɗauki agogo a cikinta. Abin tsoro ɗaya ne: in wuta ta ɗauke a tsakiya, zafin ya sauka digiri uku, ka tuna ninki goman nan, ka zubar da wannan awon ka sake.

Akwai wani abin dariya game da manhaja. Tsarin da ake cewa mai sauƙi, shi ne mai wuya in an zo siffa ta gaske mai tsawo da faɗi da kauri. Tsarin daskarewa ba ya cikin Abaqus, manhajar kasuwa da injiniyoyi ke lissafa lanƙwasar abubuwa da ita. Sai ka rubuta naka UMAT, wato ɗan shirin da ke gaya wa manhajar halin robarka, da harshen kwamfuta na Fortran, ka haɗa shi da manhajar, ka yi ta fama da lissafin da ya ƙi daidaita. Fitowar ɗalibai ta Abaqus kuwa, ban da iyakar ƙulli 1,000 (ɗigogin da ake rarraba siffa a kansu don lissafi) da take da ita, ba ta karɓar irin wannan rubutu na kanka. Shi kuwa Prony da WLF a shirye suke a Abaqus da ANSYS da COMSOL, tebur kawai za ka cika. Saboda haka wahalar tsarin farko a kan kwamfuta take, ta na biyu a ɗakin gwaji. Kowa ya san inda ƙarfinsa yake.

Kada a ɗauka na wanke tsarin shoka tas. WLF sama da Tg aka gina ta. Ƙasa da Tg tana zuzuta nawar komawa, ta ce abu zai riƙe siffarsa shekara da shekaru alhali ba haka ba ne, domin gilashin folima bai zauna daidai ba, yana ta tsufa a hankali. Shi ya sa masu aikin suke yanke ta a wajen Tg su ɗora dokar Arrhenius, wata dokar daban mai danganta sauri da zafi, a ƙasa, kuma ninki 15,000 ɗin da na ambata a ɗauke shi a matsayin nuni. Akwai ma inda lissafin ke fashewa gaba ɗaya, in zafi ya sauka digiri 51.6 ƙasa da zafin da ake aunawa daga gare shi, wato Tg. Ga mai Tg 60 wannan ya faɗo wajen digiri 8, wanda asubahin hunturun Jos kan leƙa kusa da shi. Abaqus a nan sai ta ɗauki abin a matsayin sifirin zalla, ba tare da ta yi maka sallama ba.

Matsala ta biyu ta fi shafar ɗalibata. Sifirin nan guda mai tuna asali, a lissafi, ko ba daɗe ko ba jima sai ya mayar da abu ɗari bisa ɗari. Ga ifoksi mai sarƙaƙƙun ƙulle-ƙullen sinadari, haka ne. PLA kuwa ba ta da su. Cuɗewar zarurrukanta da 'yan ƙanƙarar cikinta, wato wuraren da zarurrukan suka jeru tsaf suka sandare, ne ke riƙe asali, kuma in an ja ta da yawa ko an daɗe a zafi, wani abu yakan zame ba ya dawowa. A nan tsohon tsarin Tobushi na 1997 yake da abin faɗa. Shi a Jafan ya yi aiki a kan foliyuritan, ya ɗauki sifirin da shoka 'yan kaɗan ya ƙara musu wani yanki mai zamewa, don ya kama miƙewar da ba ta komawa. Rassansa sun yi kaɗan su ba da lokacin komawa daidai, amma dabarar zamewar tana nan da amfaninta. Ƙari a kan haka, abin da aka buga da na'urar 3D yana fitowa da miƙewa a kulle tun daga bakin na'urar, a bin layin da aka zuba shi. Ɗumamar farko zai tsuke ta wannan fuskar ko ba ka taɓa shi ba. Ko dai ka gasa shi tukuna ya huce wannan, ko ka sa shi a lissafi.

Ina tsarin daskarewa ya fi gaskiya? Inda daskarewar ta gaske ce. Robar masu gyaran waya foliyetilin ce, kuma abin da ke kulle siffarta ƙanƙara ce ta haƙiƙa da ke fitowa a cikinta in ta huce, ta narke in ta ji wuta. Haka robar PCL, mai narkewa wajen digiri 60, da dangoginta, irin waɗanda Lendlein da Langer suka yi zaren ɗinkin tiyata mai ɗaure kansa da su a 2002. A irin waɗannan, kason daskarewa abu ne da na'urar DSC, mai auna zafin da abu ke sha ko fitarwa, ke aunawa, ba ƙirƙirar mai lissafi ba, kuma dokar zame lokaci da zafi ba ta tsayawa da kyau domin ginin abin kansa yana sauyawa. Wanda ke aiki da su ya tafi gidan farko kai tsaye, in ya so ya ƙara saurin fitowar ƙanƙarar don agogo ya shigo.

Akwai gida na uku da nake hana masu digiri na biyu shiga sai da dalili: tsarin Nguyen da Qi da Castro da Long na 2008 da 'yan uwansa, waɗanda suka haɗa babbar miƙewa da tsufan gilashi da zamewarsa a ƙarƙashin nauyi. Su ne suka fi kama ƙarfin da abu ke turawa in an tare shi an hana shi komawa. Lambobinsu suna da yawa, kowace da nata gwajin, ga UMAT dole. Aikin digiri na uku ne.

Tambayar da nake yi wa duk wanda ya zo ita ce: a cikin abin da kake son sani, akwai "yaushe" ko "har tsawon wane lokaci"? Ɗauki foliyuritan ɗin kamfanin SMP Technologies na Jafan, wanda ake sayarwa da Tg iri-iri, akwai na 35, na 45, na 55. A ce za a yi wani abin ɗaure karaya da mai Tg 45, a kulle shi, a ajiye a shago. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga matakin teku, zai iya yin watanni lafiya. A kanti mai rufin kwano a Nyanya cikin Maris, labari ya sha bamban. Tsarin daskarewa zai ba ka lamba ɗaya ga kowane gari. Ba zai ce maka mako nawa kayan za su yi kafin su lalace ba, alhali ita ce tambayar mai kaya. Ga kuma damina: foliyuritan yana shan laima, ruwan da ya sha yana saukar da Tg ɗinsa, abin da Huang da abokan aikinsa a Singafo suka nuna har suka sa shi komawa da ruwa kawai. Duk tsarin da ka ɗauka, in ka auna a Janairu ka yi hasashen Agusta, ka rubuta laimar da aka yi awon a cikinta. In kuwa tambayarka ita ce nawa siffar za ta kama da kuma ƙarfin da za a samu a ƙarshen zagaye ɗaya, a saurin ɗumama ɗaya da ba zai sauya ba, tsarin daskarewa ya wadatar, kar ka wahalar da kanka.

Abu ɗaya da duka gidajen ke mantawa: roba ba ta kai zafi cikinta da wuri. Falle mai kaurin milimita 1 yakan ɗumama har ciki a daƙiƙa biyu ko uku, mai milimita 4 kuwa sai wajen daƙiƙa 40. In abinka mai kauri ne kuma a ruwan zafi kake tsoma shi, jinkirin da kake gani rabinsa na tafiyar zafi ne, sai a haɗa lissafin zafin da na motsin, in ba haka ba ka ɗora wa shokoki laifin da ba nasu ba.

Ɗalibar tawa mun tsaya a kan Maxwell mai rassa, WLF a sama, Arrhenius a ƙasa, da gwajin rataya nauyi a zafi bakwai daga 45 zuwa 70, bayan ta gasa fallayen. Tsohon lissafinta na daskarewa ba mu jefar ba, zai zauna a babi na huɗu a gwada su biyun a kan awo ɗaya. Da za ta fita ta ɗauki laujen nata, ta juyo.

"Malam, wannan fa? In jefar?"

Na ce ta buga wani sabo, ta miƙar da shi, ta mayar aljihun motar, amma wannan karon da ma'aunin zafi mai rubuta awo duk minti biyar a gefensa, ta kuma riƙa ɗaukar hotonsa kowace yamma a kan takarda mai layi.